Shagon Kafinta a Jikin Bango

Akwai wani mai ɗaukar hoto da abokansa suke tsokana da Sarkin Bango. Sunan ya bi shi ne tun ranar da ya naɗe tsofaffin labulayen shagonsa ya sayo majigi, na'urar nan mai haska hoto a jikin bango. Ka zauna a kujera, ya rage fitila, ya danna kwamfuta, sai ga ka a bakin teku ko a gaban jirgin sama, alhali ko ƙofa ba ka fita ba.

Aikin akwai ƙa'ida. Dole mutum ya yi nesa da bango, in ba haka ba hoton a jikinsa zai sauka. Fitila ma daga gefe ake kunna ta, don in ta bugi bangon sai teku ya dusashe. Mutumin ya iya, kuma ya san ya iya. Ciwonsa ke nan: shi ke zaɓa wa kowa bango, ba a ja da shi.

Wata rana shago cike, sai ga wata mata riƙe da hannun wani tsoho mai farar riga.

"Mahaifina ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ciwon mantuwa ya kama shi. Ni ce autarsa, amma yanzu baiwar Allah yake ce mini. Hoto ɗaya nake so, ya fito yadda na san shi, kafin ciwon ya ƙarasa cinye shi."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Sarkin Bango. "Baba, yau sai bakin teku!"

Teku ya bayyana. Tsoho ya waiga, ya damƙe hannun kujera a tsorace. Aka sa jirgi, ya miƙe yana cewa zai tafi gida. Aka sa lambu, ya sunkuyar da kai, ya ƙi ɗagowa. Masu jira suka fara tsaki, wani ya leƙo: "Malam, mu ma fa mutane ne!"

Ran Sarkin Bango ya ɓaci. Har ya buɗe baki zai ce su dawo wani lokaci, sai idonsa ya sauka a hannun tsohon. Babban yatsansa yana bin mahaɗar kujerar a hankali, yana ɗan girgiza ƙafarta. To, me yake nema a wurin? Abin ya tsaya masa a rai.

"'Yar'uwa, me Baba yake dubawa?"

"Kafinta ne. Duk katakon da ya gani sai ya taɓa."

"Shagonsa fa?"

"An rushe tuntuni. Sai wani tsohon hoto a wayata."

Ya karɓa ya duba. Hoton dishi-dishi, a karkace, irin wanda a da ko kallo bai ishe shi ba. Amma ya kasa daina tambayar kansa: in aka haska wannan ya cika bango, me tsohon zai gani? Ya leƙa waje ya ba masu jira haƙuri, ya dawo ya tura hoton a kwamfuta.

Bango ya zama shago. Ga teburin aiki, ga guduma a rataye, ga wata ƙofa da ba a gama ba jingine a lungu.

Tsoho ya miƙe, ya nufi bangon har ya kai hannu. Hoton katako ya sauka a farar rigarsa, inuwarsa ta rufe rabin teburin. Ƙa'idar Sarkin Bango ta rushe gaba ɗaya. Ya ɗaga kyamara kawai, ya jira.

Tsoho ya nuna ƙasan hoton. "Wa ya bar zarto a ƙasa?" Sai ya juyo yana dariya, ya dubi 'yarsa cikin ido. "Auta, ke ce ko? Zo ki ɗauke kafin ki yanke."

Sarkin Bango ya danna kyamara.

Matar ta toshe baki, kuka ya ƙwace mata. Ta ƙarasa ta durƙusa a gindin bangon kamar mai ɗaukar zarton. "Na ɗauke, Baba."

Mai hoto ya duba bayan kyamara, nasa idon ma ya ciko. Ga inuwa, ga karkata, duk abin da ya tsana yana ciki. Kuma tunda yake sana'ar bai taɓa ɗaukar fuska irin wannan ba.

Darasi: Kafin ka zaɓa wa mutum abin da kake ganin ya fi kyau, dakata ka tambayi abin da zuciyarsa ta sani. Haƙurin ɗan lokaci da 'yar tambaya sun yi abin da gwaninta ta kasa. Tura wa wanda yake jinyar iyayensa, ko zai ji sanyi a ransa.