Ranar da Yuguda Ya Rina 'Yan Tsaki

A farkon daminar bara, a wani ƙauye kusa da Minjibir, Tahira ta tafi Ɗambatta sunan ɗan ƙanwarta, ta bar wa mijinta Yuguda amanar 'yan tsakinta talatin da shida. Yuguda manomi ne mai ƙwazo, ba ya ƙarya, ba ya cutar kowa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jira. Shi ne mai tuge gyaɗa tun tana fure don ya ga ko ta zuba.

'Yan tsakin na inji ne, ba su da uwa. Kwanansu goma sha biyu a ɗakin girki, kusa da wata tukunyar ƙasa da Tahira take zuba wa garwashi ta lulluɓe da toka.

"Malam, in za ka fito da su, sai hantsi ya ɗaga," in ji ta da za ta tafi. "Ka sa su a akurki, ka tare iska da buhu, tukunyar nan kuma ta bi su."

"Kaji ne fa, ba jarirai ba," ya ce yana dariya. "Allah ya kiyaye hanya."

Kwana biyu bayan nan aka yi ruwa da asuba, gari ya waye da sanyi. Yuguda ya hangi 'yan tsakin maƙwabta suna bin uwarsu, jawur da su, domin mutanen yankin kan rina 'yan tsaki da galura don kada shirwa ta gane su. Sai ya ga babu dalilin da na gidansa za su ci gaba da zaman ɗaki. Ya ɗebo ruwan randa ya dama galura, ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya, ya sake su a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya wuce gona shuka. Bai tsaya ya ga abin da na maƙwabta suke yi in iska ta kaɗa ba: shigewa suke yi ƙarƙashin fukafukan uwarsu.

Da iri ya ƙare masa ya dawo ɗauka, sai ya tarar da su a gindin katanga, wani kan wani, ƙafafu a miƙe, idanu a rufe. Ya taɓa guda, ya ji shi kamar dutsen rafi. Ya yi salati, ya kwashe su a faifai ya nufi juji.

A bakin zaure ya ci karo da kakarsa, Fadima, tana dogara sanda.

"Angona, furanni ka tsinko mini?"

"Kaka, bar wasa. 'Yan tsakin Tahira ne. Na kashe su."

Tsohuwa ta ɗauki ɗaya ta kara a kumatunta.

"Wa ya naɗa ka likita? Sanyi ne ya sandarar da su. Juya mu koma."

Yuguda ya ruga ya hura wuta, zai kara faifan a bakin murhu.

"Kai! Ka gama jiƙa su, yanzu gashi za ka yi? Kawo dusa."

Ta ɗumama dusa a kasko har daidai yadda bayan hannu zai jure, ta shimfiɗa a masaki. Ta goge kowanne da tsumma, ta jera su a ciki, ta rufe da zane, ta bar kafar iska. Biyar da suka fi jigata ta cusa su cikin rigarta, a jikin fatarta. Sau uku Yuguda yana kai hannu zai ɗaga zanen, sau uku tana make shi da mafici.

"Zauna. Yau dai za ka koyi zama."

Ya zauna. Inuwar katanga ta ja baya a hankali. Can sai ya ji wani ɗan siririn kuka daga cikin masaki, kamar daga nesa. Wani ya amsa. Zanen ya fara motsi. Da Kaka ta yaye, sai ga jajayen halittun da ya ɗauka zai zubar suna buɗe ido, suna miƙewa da rawar ƙafa, har guda ya kai baki ya tsattsagi dusa. Huɗu suka leƙo ta wuyan rigar tsohuwa.

"Subhanallahi," kawai Yuguda yake maimaitawa. "Da na zubar da su da ransu."

Ashirin da tara suka tashi. Bakwai ba su motsa ba.

Washegari da hantsi Tahira ta dawo, ta tarar da mijinta tsugune gaban akurki yana gyara buhu, tukunyar garwashi a gefe. Ta dubi jajayen 'yan tsakinta, ta ƙirga da ido.

"Malam, saura bakwai."

"Ni na ci amanarki," ya ce, bai ɗago kai ba. "Sauran ma Kaka za ki gode wa."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaramin rai ba ya jure gaggawa. Ɗan tsakon da ba shi da uwa, kai ne uwarsa: a fitar da shi sannu a hankali, a bushe, cikin rana, ɗuminsa na biye da shi. Kuma kada mu yi saurin yanke ƙauna ga abin da ya kwanta, domin gaggawar da ta kayar da shi ita ce za ta sa a binne shi da sauran numfashi.