Wa Zai Zo Na Ɗaya a Turanci

Ranar Litinin, tara ga Yuni, 1997, gari ya waye da yayyafi. Alhaji Mamuda mai makaranta ya kira Malama Tabawa, malamar Turanci.

"Abu biyu nake so, Malama. Ki yi adalci a sakamakon jarrabawa, kuma ɗana Sagir ya zo na ɗaya. In ɗaya ya kuskure, ki nemi wani aikin."

Malama ta san ko gaisuwa da Turanci sai Sagir ya yi gumi, kuma Uwani 'yar mai gyaran keke ce ta ci. Ta sunkuyar da kai.

"An gama, ranka ya daɗe. Sai a ɗinka masa riga. Ka san al'adarmu, ranar rabon kyauta na ɗaya ke tsayawa gaban iyaye, baƙi su yi ta jefo masa tambayoyi da Turanci, ba takarda a hannu."

"Ba takarda?"

"Ko guntuwa. Surukanka ma na ajiye musu layin gaba."

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Ai adalcin na fara ambata, Malama. Wa ya ci?"

Kafin azahar ta kai wasiƙar gayyata gidan waya, zuwa ga mahaifin Uwani.