Kwamfutocin Ticha Bawah

A duk Zangon Kumasi ba a yi malamin da ya iya riƙon kwamfuta kamar Ticha Bawah ba. Ko ɗaya ba ta taɓa lalacewa a hannunsa ba, don ba ya bari a taɓa su.

Hajiya Barkisu, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ita ta sayo wa ƙaramar sakandaren unguwa kwamfutocin, aka ba Ticha ɗakinsu da makulli. Wannan ɗaki shi ne duk darajarsa, kuma tsoronsa ɗaya ne, kada wata ta mutu a ce bai iya ba. Don haka ya kafa doka. Yara su cire takalma, su wanke hannu, sannan su jeru jikin bango hannuwa a baya, su kalli yadda yake aiki.

"Ticha, in danna sau ɗaya?" in ji wata ɗaliba, Safura.

"Da hannun da ya ci ƙosai? Ki danna a zuciyarki."

A hankali yara suka daina tambaya. Malamai ma suka daina leƙowa, tunda ko shayi ba a shiga da shi. Da rana yakan ci wake da shinkafarsa a bakin ƙofa shi kaɗai, yana jin dariyarsu daga ƙarƙashin mangwaro, yana gaya wa kansa hassada ce.

Ran nan Hajiya ta sauka daga motar haya ta trotro ba sanarwa. Ticha ya yaye zannuwan da ya lulluɓe kayan da su, yana jiran yabo.

Ta shafa maɓallan, ta duba yatsanta. "Sababbi fil."

"Ƙoƙarinmu ke nan, Hajiya."

Ta yafito Safura. "'Yata, rubuta mini sunanki a kwamfutar nan."

Yarinyar ta zauna, hannuwanta a cinya. Ta san sunan kowane sashe na na'urar, da Turanci kuwa. Inda ake kunnawa ne ba ta sani ba, don kullum jikin Ticha yana tare wurin.

"Ticha," in ji Hajiya, "a rumfata, zanen da ya ƙi tashi ba na yi masa kirari. Wata kasuwa nake kai shi."

Kafin Juma'a an kwashe kwamfutocin zuwa wata makaranta a unguwar Krofrom. Bawah ya tsaya cikin ɗakin yana kallon tebura. Ba wanda ya zo yi masa jaje, don ba wanda ya saba shigowa.

Darasin ba shi da wuya. Kayan koyo ba kayan ado ba ne, kuma hannu ba ya koyon aiki daga bayan mai shi. Wanda aka ba amana don wasu, ya hana su don tsare sunansa, zai rasa amanar da sunan, da mutanen ma. A Krofrom kuwa, yara sun riga sun lalata biyu. Hajiya ta aika musu da wasu.