Dalilin da Ya Sa Hannu Ke Riga Kai Gudun Wuta

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa in kun taɓa tukunya mai zafi hannu ke fizgewa tun kafin ku ce wayyo.

Da can Kai ne maigidan jiki, ba abin da ke motsi sai da izininsa. Laka kuwa, wadda ke kwance cikin ƙashin baya, 'yar aike ce kawai. In Fata ta ji zafi ko sanyi sai ta gaya mata, ita kuma ta hau sama, ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Kai, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

To, akwai wata mai tuyar masa, Lantana, mijinta Tanko ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Da ta fita takaba sai ta koma bakin tanda, don hannun nan nata shi ne abincin gidan. Amma Kai bai fita takaba ba. Wanda ya taɓa rashi ya san wannan zaman.

Wata safiya wani ya gifta da riga irin ta Tanko. Ta bi shi da ido, ta dafa tanda ba ta sani ba.

Fata ta ƙwala ihu, "Laka, ina ƙuna!"

Laka ta ruga sama. "Salamu alaikum. Maigida, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

Kai bai ɗago ba. "Da godiya. Kin ga rigar nan? Har aikin wuyan."

"Na gani, Allah ya jiƙansa. Maigida, dama hannu ne..."

"Haka Tanko ma yake tafiya, yana ɗan jan ƙafa."

Laka ta dube shi, tausayi ya kama ta. Can ƙasa kuma Fata na ta kuka. Sai ta juya ba sallama, ta sauka a guje, ta fizge hannun da kanta. Yatsu biyu sun yi bororo, amma hannu ya tsira.

Ta koma ta durƙusa. "Na yi rashin kunya, maigida."

Kai ya dubi yatsun, hawaye ya zubo masa. "Ni ne na yi nisa, 'yar'uwa. Daga yau in wuta ce, kada ki jira ni. Ki cire hannun, gaisuwa ta biyo baya. Akwai ranakun da ba zan ji ki ba."

Shi ya sa har yau hannu ke tserewa tukuna, sannan zafin ya iso. Ko hankalin mutum ya tafi wajen wanda ya rasa, ita Laka tana nan a gadon bayansa, ba ta zuwa ko'ina.