Zaharaddeen Ya Binne Mahaifinsa da Biro

Akwai wani malami a Ƙauran Namoda, Malam Gwadabe, mutumin kirki amma mai saurin hawa. A shekarun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara har aka ƙaddamar da Shari'a, samarin yankin sun yi ca wajen neman gurbin ƙaro karatu a waje. Kowace makaranta kuwa sai ta ce ɗalibi ya rubuto bayanin kansa: waye shi, daga ina ya fito, me ya sa ya cancanta. Malam Gwadabe ne ke gyara musu wannan rubutu a zaurensa, kyauta.

Abin da ke ci masa rai ɗaya ne. Wani ya raɗa wa yaran cewa masu tantancewa ba sa tausayin kowa sai maraya. Shi ke nan, kowace takarda ya ɗauka sai ya tarar uba ya rasu. Na Shinkafi zazzaɓi ya kashe nasa, na Badarawa haɗarin mota, wani ma don rashin ta ido har uwar ya haɗa.

"Wai duk ƙasar nan babu uba mai rai ne?" in ji Malam Gwadabe. "Mun je Gusau mun yi kabbara an kafa Shari'a, kun dawo kuna binne iyayenku da biro."

Cikin yaran akwai Zaharaddeen, ɗan Dauran ta ƙasar Zurmi. Yaro mai ƙwaƙwalwa, ya gama digirin farko kan harkar noma, yana neman tallafin wata gidauniya don ya yi na biyu. Shi ma a layin farko ya rubuta cewa mahaifinsa ya rasu tun yana goye.

Malam Gwadabe ya san uban sarai. Malam Maccido ne, manomin gero, yana nan daram.

"Goge wannan," ya ce.

"Malam, kowa haka yake yi. Wa zai taso daga wata ƙasa ya zo Dauran bincike?"

"Ba tsoron bincike nake ba. Rubuta min abin da ya faru da kai da gaske."

"Me ya faru da ni? Gona ce da makaranta. Wa zai karanta wannan?"

Haka suka yi ta yi. Malam ya soke layin da jan biro, yaro ya je ya sake bugawa ya dawo da shi, sai dai ya canza ciwon da ya kashe tsohon. Ran Malam Gwadabe ya ɓaci har ya rantse in ya sake ganin gawar nan a takarda zai kore shi daga zauren. Ga ranar rufe karɓa tana ta matsowa.

Ana haka, wata ranar kasuwa da hantsi, suna zaune shi da yaron sai ga sallama. Malam Maccido ne da kansa, da zabi biyu a hannu, ya zo yi wa malamin ɗansa godiya. Bayan gaisuwa ya hango takardar a kan tabarma.

"Ita ce wagga, Malam? Ni ban yi boko ba. A karanta mini da Hausa in ji abin da yaron ga ya ce."

Malam Gwadabe ya ji kamar ya nutse. Ƙarya ba zai yi ba, gaskiyar kuma ba ta faɗuwa. Sai ya tura wa Zaharaddeen takardar.

"Kai ka rubuta. Karanta wa Baba."

Zaharaddeen ya riƙe takarda, ya kasa karanta ko layin farko. Tsohon ya dube shi, ya dubi Malam, ya jinjina kai.

"Ko ni ma an kashe ni? Namadi maƙwabcina bara ɗansa ya kashe shi, shi da bakinai ya gaya mini yana dariya."



"Malam, kak ka matsa mishi," in ji tsohon a hankali. "In shi ne za ya sa su ɗauke shi, a bar shi hakanan. Ni na gama nawa. Amma uwatai a bar ta da rai, don in ta ji ba ta iya ɗauka."

Ya ajiye zabinsa, ya yi sallama, ya fita neman motar Zurmi.

Malam Gwadabe, mai faɗan nan da ba ya gajiya, ya bi tsohon da kallo har ya fita. Tausayin tsohon da haushin yaron suka haɗu suka kama shi. Zaharaddeen kuwa kuka yake yi kamar ƙaramin yaro.

Da ya lafa, Malam ya tambaye shi, "Da damina in rafi ya kawo, yaya kake zuwa firamare?"

"Baba ke saɓa ni a wuya ya haye da ni. Ya koma gona da jiƙaƙƙen wando."

"Kullum?"

"Har na gama."

"Amma ka zauna nan kana ce min babu abin da ya faru da kai. Ɗauki biro, don Allah, kafin raina ya sake ɓaci."

Wannan ya rubuta, da Turancinsa mara ado. Malam bai gyara komai ba sai 'yan kurakurai.

Bayan watanni aka kira shi ganawa. Da ya dawo ya ba Malam labari cewa shugabar masu tantancewar ta ɗaga takardarsa ta ce tun safe take karanta marayu, sai yanzu ta ga mai uba, kuma tana son jin labarin mutumin nan. Ya samu gurbin.

Malam Gwadabe bai bar shi ya zauna ba. Ya sa shi a gaba har Dauran, ya tsaya a kansa ya karanta wa Malam Maccido takardar da Hausa, daga farko har ƙarshe. Tsohon ya saurara, kansa a ƙasa. Da aka gama ya share ido da bakin rawani ya ce, "Ashe ka tuna. Na ɗauka ka yi ƙanƙanta."

Darasi: Kada ka kashe wanda ya ɗauke ka a wuya don baƙo ya tausaya maka. Gaskiyar rayuwarka, ko kana ganin ba ta da daɗin ji, ta fi ƙaryar da ka aro. Ku tura wa duk ɗalibin da ke shirin rubuta bayanin kansa, wanda kuma iyayensa ke raye ya kira su yau.