Ranar da Likita Ta Karanta wa Shehi Takardarta

Shehinmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, Allah ya ƙara masa yarda, ya shekara arba'in yana karantar da hadisi da fiƙihu a zauren gidansa, ba a taɓa jin ya faɗi magana bai ambaci inda ya samo ta ba. Ko cewa aka yi an yi ruwa a bayan gari, sai ya tambaya a hankali ko mai faɗin ya jiƙe ne, ko shi ma ji ya yi. A ƙarshen rayuwarsa ganinsa ya tafi, sai dai a karanta masa. Wannan ɗaya ce daga karamomin da Allah ya bayyana a hannunsa, da hantsi, a gaban almajiransa shida.

Wani kafinta a layin Shehi yana da 'ya da ake kira Likita, don tun tana ƙarama take ɗaure wa kaji ƙafa da tsumma ko lafiyarsu ƙalau. Tana shekarar farko a jami'a malamarsu ta ce kowa ya rubuta shafi biyar kan wata cuta a unguwarsu, da hujja, wadda ta fi kyau a miƙa wa ofishin duba-gari. A lokacin amai da gudawa sun addabi yaran layin, biyu suna kwance asibiti, kuma kowa ya riga ya yanke hukunci: laifin Mai Ƙanƙara ne, wata baƙuwa da mijinta ya rasu, tana sayar da ƙanƙara, tana ciyar da 'ya'ya huɗu da firji guda. In takardar ta isa ofis, firjin nan za a ɗauke.

Likita ta rubuta a kwana biyu, tana ji da kanta ƙwarai. Babanta ya fi ta murna, ya ce ta kai wa Shehi ya sa albarka.

Ta durƙusa a bakin tabarma ta gaishe shi. Ya ce, "Karanta mini, jikata."

Ta buɗe baki, amma muryar da ta fito ba tata ba ce. Jimlar farko ta fito da muryar malamarsu ta jami'a, har da 'yar gyaran muryar da take yi. Ta biyu ta fito da muryar wani namiji mai karanta labarai a rediyo. Ta tsaya ta dafe maƙogwaro, almajiran kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Shehi yana jan carbinsa kamar ba abin da ya faru, ya ce, "Ci gaba."

Da ta kai inda ta rubuta cewa baƙi ba su damu da tsabta ba, sai ga muryar kakarta, wadda aka binne shekara biyar da suka wuce, da rawar nan tata ta tsufa da numfashi sama-sama. Likita ta san muryar da ta goya ta. Hawaye suka zubo mata, tsoro ya kama ta, amma bakin bai tsaya ba. Sai ta iso jimlar da ta ɗora komai a kanta, cewa ƙanƙarar matar ce ke sa yara gudawa. Wannan kuma da muryar babanta ta fito, shi da yake can shago yana yankan katako.

Shafi biyar suka ƙare. Shehi ya ce, "Na ji mutum huɗu, Allah ya jiƙan wadda ta riga mu. Ke ce ban ji ba."

"Allah ya gafarta Malam, ai kowa haka yake faɗa."

"Kowa bai zo nan ba. Ke me kika gani?"

Kunya ta rufe ta fiye da tsoron. Ta tashi ta fita ba tare da addu'ar da aka aiko ta nema ba.

Kwana huɗu ta yi tana shiga gida-gida da littafi. Tambaya uku take yi wa kowace uwa: yaushe yaron ya fara, me ya sha, a ina ake ɗebo ruwa. Yara goma sha ɗaya ne suka kamu. Biyar a cikinsu ba su taɓa shan ƙanƙara ba, biyu ma ba a yaye su ba. 'Ya'yan Mai Ƙanƙara da ke shanta safe da yamma ko ciwon kai babu, ita a bayan makaranta take ɗebo ruwanta. Gidajen da ciwon ya shiga kuwa duk famfo ɗaya suke sha, na tsakiyar layi.

Ta bi bututun famfon da ƙafa, ya kai ta bayan katangar gidansu. Can ta ga wani sabon kwanon rufi an danne shi da bulo biyu. Ta ɗaga. Bakin ramin masan gidansu ya rufta, bututun ya tsage a cikin ƙazantar, an naɗe shi da robar taya, irin ɗaurin da ta sha ganin babanta yana yi. Ta daɗe a tsugune a wurin, ranta ya ɓaci matuƙa, don tana son babanta.

Ta sake rubutu, shafi uku kacal, ta koma wurin Shehi. Wannan karon muryarta ce, siririya, tana faɗin abin da ta ƙirga da abin da ba ta tabbatar ba. Sai da ta zo inda ta rubuta "masan wani gida", nan leɓɓanta suka motsa amma ba sauti. Ta sake, shiru. Ta sake sau uku, zauren ya yi tsit har ana jin ƙarar carbi.

Shehi ya ce, "Wannan maganar ba ta da mai ita, shi ya sa ba ta da murya. Je ki karanta wa mai gidan kafin ki kai wa kowa."

Ta sami babanta a shago yana goge ƙofa. Ta ce, "Baba, zan karanta maka abu." Ya saurara har ƙarshe bai ɗago ba, sai hannunsa da ya daina aiki. Can ya ce, "Na so in gyara kafin a sani, Likita. Da aka fara zargin matar nan sai na ji sauƙi, har na taya su faɗa." Ya miƙa hannu ta ba shi takardar, ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa, ya ce ta nuna masa wurin. Ya soke "wani gida", ya rubuta "gidanmu" da manyan haruffansa na kafinta, ya ce, "Kai musu haka."

Takardar ta isa ofishin duba-gari, aka rufe famfon a makon, aka canza bututu, ciwon ya tsaya. Kafinta ya sha magana a layin har ya ƙare kwanakinsa, ba a taɓa firjin Mai Ƙanƙara ba.

Allah ya haskaka kabarin Shehinmu, ya saka masa da mafificin alheri, ya ba mu albarkacinsa, ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga ɗaukar maganar da ba mu san tushenta ba. Amin.