Kunkuru da Ƙungiyar da Ba Ta da Gwani

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!
Ta ƙaraso, muna saurare.

Wai a dajin Tsamiya, Raƙumin Dawa ne gwanin ƙwallon kwando, wuya kawai yake miƙawa ya ajiye ƙwallo a kwando. Ana saura kwana goma gasa, sai Zaki ya janye shi zuwa ƙungiyarsa. Wanda ya ci gasar kuwa, shi ke da tafki duk rani.

Kunkuru, mai horar da 'yan Tsamiya, ya shige ƙoƙonsa da hantsi, gyangyaɗi ya kwashe shi. Sai ya ga ƙwallo tana shawagi kamar balbela, hannu zuwa hannu, ba ta da ubangida.

Da ya farka ya tara 'yan wasansa. Zomo ya ce, "Baba Kunkuru, ni fa gajere ne."

"Gudunka nake so, ɗana."

Hawainiya ta ce, "Ni kuwa nawa gare ni."

"Idonki ɗaya gabas, ɗaya yamma. Wanda ba a tsare ba, miƙa masa."

Ranar wasa Zaki ya yi ruri, "Ku tsare gwaninsu!"

Kura, 'yar wasan Zaki, ta waiga nan, ta waiga can. "Ranka ya daɗe, wanne ne?"

Kafin ya amsa, Zomo ya ba Hawainiya ƙwallo, ta ba Jimina, Ɓauna ta tare hanya, Biri ya jefa kwando. Haka aka wuni. Raƙumin Dawa kuwa, kowa shi yake jefa wa, har wuyansa ya sage.

'Yan Tsamiya suka ci tafki. Har yau Zaki yana tambaya wa ya cinye shi, an rasa sunan da za a faɗa masa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan kusu.